Idon Nababa Bayan Aikin Leza

Zuwa ga Yaya Abdulmumini,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara tsare ku. Mu nan Watari muna lafiya, Inna ta samu sauƙin ƙafarta, an kuma fara cire albasa a fadama.

Yaya, maganar ƙaninmu Nababa ce ta sa na ɗauki biro. Ya roƙe ni kada in gaya maka, na yi shiru wata biyu, amma yanzu na kasa. Ka san tun yana yaro yana hango abu daga nesa, na kusa ne ke yi masa dishi-dishi, shi ya sa ba ya zura zare a allura sai da wannan tabarau mai kauri. Da ka ba shi shawarar aikin leza, ya je wani asibiti a Kano aka yi masa. Satin farko murna ta cika gida. A gabana ya zura zare ba tabarau, yana dariya, har Rukayya matarsa ta yi guɗa.

Likita ya ce ya kiyayi ƙura da ruwa mara tsabta, ya riƙa ɗiga magani. Amma ranar da injin ban ruwa ya lalace, bai iya zama ya ga albasar Inna tana bushewa ba. Ya shiga gyara, ruwan kwata ya fantsamar masa a fuska. Idon ya yi ja, ya ce zai wuce. Sai da ya kwana huɗu yana ruwa muka koma asibiti. Likita ya ce ƙwayar cuta ta shiga ta wurin da bai gama warkewa ba. Duka idanun biyu ta taɓa: na dama ya yi farin tabo, haske kawai yake gani da shi. Na hagu yana gani kamar ta cikin hayaƙi, an ce sai nan da wata uku za a san matsayinsa.

Ya rufe shagon ɗinkinsa na kasuwar Bici. Bai taɓa ambaton sunanka da zargi ba, cewa yake ƙaddara ce, tsoronsa kada ka ɗora wa kanka laifi. Ni ma ban rubuto don haka ba. So nake ka zo, ko na kwana uku ne. Shekaranjiya na same shi a zaure yana koyon tufkar igiyar rama. Na tambaye shi dalili, ya ce gara hannunsa ya saba tun yanzu.

Inna tana gaishe ka, Rukayya ma haka. Ka gaida Anti Zuliha da su Fahad, ka sa Nababa a addu'a.

Taka ƙanwa,
Barira