Koriyar Takarda a Kan Dutsen Alois

3 ga Oktoba

Bertram,

Kada ka miƙa wa sakatarenka wannan wasiƙa. In aka sake aiko mini da amsa mai hotonka da sa hannun na'ura, murhu zan jefa ta.

Bayan haka ina gaishe ka. Yaya Gudrun da yara? Yaya tarin da na ji kana yi a rediyo? Ni lafiya, sai ciwon ƙugun da ka sani.

An manna koriyar takarda a dutsen kabarin babanka. Shekara ashirin da biyar da aka ba mu wurin ta cika. In ba a sabunta ba kafin ƙarshen wata, za a ɗauke dutsen a ba wasu wurin. Na je ofishin makabarta, matar da ke wurin ta ce babu sunana a takarda. Gaskiyarta. Ni da hannuna na mayar da ita sunanka lokacin da aka yi mini aiki, ina ganin ɗa ya fi tsohuwa tabbas. Ta ce tun bazara suke rubuta maka Berlin.

Ka san rabin wurin nawa ne. An riga an sassaƙa sunana a ƙarƙashin nasa, shekarar rasuwa kawai ta rage a sa.

Ga takardar nan a ciki. Sa hannu ɗaya ake nema.

Mamarka,
Irmtraud

22 ga Oktoba

Bertram,

Ina fata kana lafiya, kai da iyali.

Na kalli babban taronku a talabijin. Sun sake zaɓenka shugaban jam'iyya, sun tafa maka har shayina ya huce. Na ji ka ce babanka kafinta ne ya koya maka cewa ƙasar da ta manta da matattunta ba ta da gobe. Alois bai taɓa faɗin haka ba. Abin da yake cewa, ka share bencin aiki kafin ka zauna cin abinci.

Washegari a shagon burodi matar Kolbinger, wadda mijinta ke kula da makabarta, ta ce mini, uwar shugaba, ashe ɗan namu ya iya wa'azi, sai dai kamar bai iya buɗe ambulan ba. Aka yi dariya. Na karɓi burodina na fita.

Sau huɗu na buga waya, sau huɗu kana taro. Ban raine ka haka ba, ko kuwa na raine ka ban sani ba. Saura kwana tara.

Mamarka,
Irmtraud

2 ga Nuwamba

Bertram,

Gaisuwa gare ka da Gudrun. Ina fata tarin ya tafi.

Jiya ranar tsarkaka, da ake ziyarar kaburbura, kowa ya kunna jan kyandir a kabarin danginsa. Ni na tsaya da nawa a hannu, a gaban ƙasar da aka baje, an riga an ɗauke dutsen. Ina tsaye direbanka ya iso da kambun furanni, girmansa kamar tayar tarakta, da ƙyalle mai launin jam'iyya. Ya tambaye ni cikin ladabi ina zai ajiye. Na ce ya koma ya tambayi maigidansa.

An riga an ba wasu wurin. Na roƙi fadan cocinmu, ya ce abin ba a hannunsa yake ba. Yanzu ban san inda za ku sa ni ba.

Kolbinger ya ji kunyar bakin matarsa, ya kawo mini dutsen a taraktarsa. Yana jingine a lambu, ƙarƙashin tagar kicin.

Ba ni da ikon hana ka ambaton Alois a majalisa, amma gidan nan nawa ne. Na kulle ƙofar gaba, na ajiye makullin. Daga yau duk ɗan gidan nan ta lambu zai shigo, shi kaɗai, ba direba ba mai ɗaukar hoto. Zai cire hula a gaban dutsen, ya karanta sunayen biyu yadda zan ji daga kicin. Sannan in buɗe.

Mamarka,
Irmtraud