Jan Biro

Litinin, 3 ga Fabrairu
Mun shiga babin abinci da rage ƙiba a littafin Turanci na 'yan aji huɗu. Na ba su aiki: kowacce ta riƙa rubuta abin da ta ci kullum, da Turanci, har wata guda. Dabarata ce, kuma sai da na yaba wa kaina; ta haka hannunsu zai saba da jimlolin abin da ya wuce. Da muka zo kan kalmomin nauyi da teɓa, aji kaf ya waiwaya yana kallon yarinyar bencin baya, wadda suke ce wa Lukuti. Na daka musu tsawa. Amma ni ma na ɗan murmusa, Allah Ya yafe mini.

Alhamis, 13 ga Fabrairu
Littafi arba'in da biyu! Jan birona har ya fara shaƙewa. Wata ta cika shafi biyu da burodi da ƙwai, ba jimla ɗaya mai ƙafafu. Na Lukuti kuwa tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Goma bisa goma.

Talata, 25 ga Fabrairu
Na ɗaga littafinta a gaban aji: "Ku ga yadda ake aiki, gajere kuma daidai." Ta sunkuyar da kai. Kunya ce, na ce a raina.

Laraba, 5 ga Maris
Ta yanke jiki ta faɗi a layin taron safe.

Alhamis, 6 ga Maris
Mahaifiyarta ta zo ofishin malamai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. "Malama, cewa take a makaranta take ci. Kuma ta ce ke ma kin ce ta ci gaba." Bayan ta tafi na ciro littafin, na karanta shi kamar yadda mutum ke karanta wasiƙa. Makon farko: shayi, burodi, shinkafa, ayaba. Mako na biyu: rabin burodi. Na uku: lemo ɗaya. Ranar 24: "Na sha ruwa." A ƙarƙashi ga rubutuna da ja, ɓaro-ɓaro: Madalla, ci gaba da haka.
Shekara goma sha tara ina duba littattafai. Idona kuskure kawai yake nema, in bai samu ba sai ya wuce. Na rufe ƙofa na yi kuka.

Litinin, 17 ga Maris
Yarinyar ta dawo, likita ya tsara mata abin da za ta riƙa ci. Na hana sunan nan a ajina, har abada. Lokacin hutun tara na kira ta ofis, wai ta taya ni jera littattafai, na buɗe kwanon abincina na ce ya yi mini yawa. "Malama, na ƙoshi." Na ce, "'Yata, ni ma ba na iya ci ni kaɗai." Cokali uku ta yi. Ban ƙirga a fili ba.

Juma'a, 28 ga Maris
Aikin ya ƙare tuni, amma ta kawo littafinta da kanta. Shafi guda cur, har da abin da ta ci a gidan gwaggonta. Kurakurai bakwai na hango. Biron yana cikin jaka, ina jin na yi ƙyuyar ciro shi ne. Na tambaye ta ko miyar gwaggon ta yi daɗi.