Littafi Mai Tsarkin Baba

Manchester

Yaya Celestina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya ɗana Asher? Tunda wayata ba ta samun shiga wajenki kwanan nan, na ce bari in rubuto.

Albishirinki! 'Yata Zoe ta ci jarrabawar nan. Kin tuna na gaya miki malaminsu na lissafi ya sa ta a wani kwas na 'yan ajin farko na uni, tana zuwa jami'ar da ke titin Oxford Road duk ranar Laraba bayan an tashi makaranta? To, ta zauna jarrabawa ɗaki ɗaya da masu gemu, ita da kayan makarantarta na sakandare, kuma ta wuce da yawansu. Ni dai tun ranar bakina bai rufu ba.

Za mu yi godiya a coci ƙarshen wata, ga ankonki nan na haɗo. In za ki taho, don Allah ki riƙo Littafi Mai Tsarkin Baba da ke wajenki. Kin san kafin ya rasu ya ce na jikan da ya fara shiga jami'a ne. Ina so Fasto ya miƙa mata a gaban jama'a.

Ƙanwarki,
Shalom


Lozells, Birmingham

Maman Zoe,

Mun gode Allah, muna lafiya. Na ga takardarki, na ga atamfa. Launin dai naki ne, ba nawa ba.

Ina taya Zoe murna. Ai tun kafin takardar ta iso na sha labari, don matan zumunta na nan Lozells sun tare ni a bakin coci suna cewa, "Ashe 'yar ƙanwarki ta shiga uni tana shekara sha shida? Shi Asher fa?" Haka na tsaya ina yaƙe kamar mai ciwon haƙori. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya tsaya mini a rai.

Amma Shalom, a bar wasa. Zuwa ranar Laraba shi ne shiga jami'a? Ni ma kullum ina shiga asibiti da tsintsiyata, har yau ba wanda ya kira ni likita. Da Baba ya ce shiga, yana nufin yaro ya ɗaure akwati, a raka shi, uwarsa ta yi kuka a tasha. Zoe har gobe a ɗakinki take kwana, ke kike wanke mata safa.

Asher ne babban jika. Yana gama jarrabawar A-level ta ƙarshen sakandare zai tafi jami'a a watan Satumba, har bargo na saya masa. Tun muna yara haka kike, sai na daka na tankaɗe ki zo da kwanonki. Littafin nan yana nan inda yake.

Yayarki,
Celestina


Manchester

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta, na yi kuka, na sake karantawa. Yarinyar nan ta sha sanyi a tashar bas duk hunturun bana, ƙawayenta suna yawo ita tana fama da lissafin da ko sunansa ban iya faɗa ba, shi ne za ki haɗa da shara?

Ban so in zama mai faɗa miki wannan ba, amma tunda har kin sayi bargo, shirun ya zama mugunta. Lokacin hutun Ista da Asher ya zo mana, ba hutu kaɗai ya kawo shi ba. Ganawa ya zo yi da wani kamfanin haɗa wutar lantarki, kuma sun ɗauke shi koyon aiki. Ya ce ba zai je uni ba. Ya zauna a kicin ɗina ya ce, "Anti, ina tsoron idon Mummy." Na ce ya gaya miki da bakinsa, ya ce sai bayan jarrabawa.

Yaron kirki kika haifa, Yaya, kuma aikin mai kyau ne. Ki tambaye shi a hankali. Maganar littafi kuwa na janye, ki riƙe.

Taki,
Shalom


Lozells

Shalom,

Na tambaye shi. Gaskiya ne. Ashe har da wannan ma sai da kika riga ni, ɗana ya buɗe cikinsa a kicin ɗinki ni ina nan ina zaɓen bargo.

Ba zan zo godiyar ba, ba zan iya rawa da wannan zuciyar ba tukuna. Asher zai zo, ya kawo littafin. Maganar Baba ce, ba zan taka ta ba. Bargon ma a ba Zoe, za ta buƙace shi.

In kun buɗe Zabura za ku ga shafi ɗaya a yage rabi. Asher ne ya yaga tun yana rarrafe, a cinyar Baba, Baba yana ta dariya. Kada ki liƙe shi. Ki gaya wa Zoe wanda ya yi.

Yayarki,
Maman Asher