Jan Fenti a Gindin Bishiyarmu

Yau Alhamis, da hantsi. Kumburin ƙafa ya ɗan sace, tarin ne dai ya ƙi barina.

Ya sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randata, tsohuwata da ta ƙi tsufa a zuciyata!

Hoton da kika ba autarmu ta kawo mini yana gabana. Kin ce a hanyarku ta asibiti kika sa aka tsaya, kika ɗauka da hannunki, kuma in faɗi ra'ayina. To ga shi: kin yanke wa bishiyar kai, kin karkata hanyar kamar za ta zube. Amma ita ce! Wace bishiya ce a duniya ta duƙa haka, kamar tsohuwa mai neman allura a ƙasa, reshe ɗaya a ƙugu?

Kin tuna ranar da kika kawo mini abinci wurin awon hanya, muna sabon aure? Kika hau doronta kika zauna, kika ce ba ki sauka sai na yi alkawarin hanya ba za ta ci ta ba. Na gusar da igiyar awo taku huɗu, na sha faɗan shugabana. Har gobe direbobi na zagin wanda ya yi wannan kwana, ba su san ke ce ba!

Sai dai, farin watana, hoton nan ya hana ni sukuni. Dubi gindinta: jan fenti, layi biyu a gicciye. Shekara talatin ina shafa wannan alama da hannuna. Itacen da aka shafa wa ba ya kai wata guda a tsaye.

Sannan dubi ƙasa. Kin ba rana baya, inuwarki ta faɗo cikin hoton. Wata takwas kina gidan auta kina aiko mini cewa kin warware. To sandar da ke jingine a jikinki ta wa ce? Yaushe kafaɗunki suka zama kamar sillen kara? Ni za ki ɓoye wa, ni da na san inuwarki kafin in san muryarki?

Don Allah ki ce auta ta zo ta ɗauke ni, likita ya faɗi abin da zai faɗa. Mu haɗu a ƙarƙashinta ko na minti goma ne, sanda biyu, kafin masu zarto su riga mu. Wancan karon na iya gusar da igiya. Wannan karon ba igiya a hannuna, sai ke.

Naki tun ranar igiya da turaku, har ranar da za a auna mini nawa wurin.

Ƙari: rana ta yi sanyi. Auta ta ce za ta zo karɓar wannan takarda kafin azahar. Ba ta zo ba, wayarta a kashe, ita da ba ta saɓa lokaci. Na sa takalmina, ina zaune bakin ƙofa.