Ƙofar da Ban Yi wa Sallama Ba

Daren Laraba, Daura.

Na dawo daga Mashi jikina duk ciwo, Shehin da na je wa ziyara ma ban same shi ba. Da yamma Bulus, abokin koyarwata, ya zo yi min sannu da hanya. Hira ta kai mu ga waƙoƙin soyayya da ke cikin littafinsu mai tsarki. Na ce, "Soyayya kuma a littafin ibada?" Ya ce, "Malam, mai begen ai zuciyar mutum ce. Tana ta yawon neman Masoyi a gari, alhali yana cikin gida."

Na ɗauki carbi, hannu ya ƙi ja. Ƙofofin mutane nawa na durƙusa ina neman natsuwa, tawa kuwa ko sallama ban taɓa yi mata ba.