Muryar Baba Mai Sito a Minti na Huɗu

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake gudu gare ta in rana ta take, ruwan randar da ke kashe mini ƙishi, 'Yar Tambaya tawa,

Na sa takardar nan a jakar rikodarki ne domin na san ko abinci kika manta, ba za ki manta da jakar nan ba. Sau uku jiya na tsaya a gabanki zan faɗa miki da baki, sau uku harshena ya yi nauyi. Ashe da gaskiyar 'yan ajinmu da suke kirana Kunne: kunnen ne kawai gare ni, babu baki.

Tun ranar Litinin sashenmu na koyon aikin jarida ya kasa zama wuri ɗaya. Kyauta uku a gasar jami'o'i! Masu ɗaukar hoto sun ci tasu. Malamarmu mai jan biro, wadda ba ta taɓa cewa aikin wani ya yi ba, an zaɓe ta gwanar malamai, har na ga haƙoranta karo na farko cikin shekara huɗu. Ke kuma, farin watana, rahotonki na rediyo kan magungunan da wa'adinsu ya wuce, ake sauya musu takarda a sayar wa marasa lafiya, shi ya zo na ɗaya. Kowa na murna, ban da ni.

Kin tuna ranar da muka je wurin Baba mai sito? Shekara ashirin da biyu yana riƙe da makullan ɗakin ajiyar kamfanin magungunan nan. Yana magana yana waiwayen ƙofa, makullan na kaɗawa a ƙugunsa. Ya ce 'ya'yansa mata huɗu, kuma mai kamfanin ba ya yafiya. Kika ɗora hannu a kan rikodar, kika yi masa alkawari ko matarsa ba za ta gane muryarsa ba. Sannan kika juyo kika dube ni, domin haɗa sauti aikina ne, na gyaɗa kai. A hanyar dawowa ruwa ya tsuge, kika cusa rikodar cikin mayafinki kika bar kanki a waje. A ƙarƙashin rumfar mai facin taya, ruwa na ɗiga daga hancinki kina dariya, a nan zuciyata ta bar hannuna. Har yau ban nemi a dawo mini da ita ba.

To, ga abin da na kasa faɗa. Kwafi biyu na yi wa rahoton. A ɗaya na murɗa muryar Baba har ta koma kamar mai magana cikin tulu, na share ƙarar makullansa, shi ne aka sa a rediyon makaranta. Ɗayan na asali ne. Ranar aikawa gasa kina ɗakin jarrabawa, kika ce in tura. Na yi abin da mu masu haɗa sauti muka saba: na saurari farkon kowanne, na ji ɗaya yana da ɗan shuu a ƙasa, ɗayan kuwa tas. Kunnena ya zaɓi mai tsabta, ashe shi ne na asalin. Na manta Baba ba ya shigowa sai a minti na huɗu. Garin neman gira na rasa ido.

Jiya da safe aka aiko da tsarin bikin ranar Asabar: za a saka ayyukan da suka yi nasara daga farko har ƙarshe, a zaure da kuma gidajen rediyo kai tsaye. Don jin daɗi na buɗe abin da na tura, na bar shi yana tafiya. Minti na huɗu na cika, sai ga Baba, da muryarsa, da tarin nan nasa, da makullansa. Nan take na kashe na'urar.

Ina jin tsoro, masoyiyata. Kin manta mutanen nan biyu da suka zo ƙofar sashe bayan an sa rahoton, suna tambayar wanda ya ba ki labari? A lokacin ba su da abin kamawa. Ranar Asabar fa? Wane ma'aikacin kamfanin ne ba zai gane tarin Baba ba? Wa zai tsaya masa in ya fito daga aiki? Me zan ce wa 'ya'yansa? Ba zan ce tsautsayi ba ne, domin tsautsayi bai hana ni sauraron minti huɗu ba.

Na kira ofishin gasar. Magatakardar ta ce dokarsu ba ta yarda a sauya aikin da alƙalai suka riga suka duba ba. Hanya ɗaya ce: a janye shi, da sa hannun ɗalibar da na malamarta, kafin sha biyun ranar gobe Alhamis. Kyautar ta koma ga wanda ya zo na biyu.

Na san abin da nake nema ki ajiye. Na san mahaifinki, wanda ya ce aikin jarida surutu ne, ya riga ya kai kayansa wurin mai guga saboda Asabar. Na san babban gidan rediyon nan yana ɗaukar duk wanda ya zo na ɗaya. Shekara guda kika yi kina bin shagunan magani da ƙafarki, har takalminki ya huje, ni kuwa na ɓarar da ita cikin daƙiƙa goma.

Ba na shakkar abin da za ki zaɓa. Wadda ta bar kanta a ruwa don rikoda ba za ta bar dattijo a rana don kofin gasa ba. Za ki sa hannu, na sani, kuma abin da ya fi damuna ke nan. Bayan kin ajiye biron, da wane ido za ki dube ni? Tsuntsuwar safiyata, in kin daina yi mini magana, me Kunne zai saurara?

Gobe da ƙarfe takwas za ki same ni a ƙofar ofishin Malama. Na cike takardar janyewar, na rubuta a jikinta cewa kuskuren nawa ne, da sunana da lambata, don kada kowa ya ɗora miki. In Malama ta zare jan bironta, a kaina zai ƙare. Layi biyu kawai na bari babu komai, naki da nata.

Ki yi mini faɗa a gaban kowa, zan sunkuyar da kai. Ki yi wata ba ki amsa gaisuwata ba, zan ci gaba da gaishe ki. Abu ɗaya nake roƙo, abin da ni ban yi wa aikinki ba: kafin ki yanke mini hukunci, ki saurare ni har ƙarshe.

Naki, yau da gobe da bayan Asabar, ko kin waiwayo ko ba ki waiwayo ba,

Kunne