Ɗakin da Dillali Ya Zana

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ki ce mata ina nan ƙalau, aiki yana tafiya.

Ke kuwa ba zan ɓoye miki ba. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai cewa zanen da ba shi da ma'auni ƙarya ne. Sai ga shi dillali ya nuna mini zanen ɗaki kamar filin ƙwallo, ban tambaye shi santimita ɗaya mita nawa ce ba. Allah ya isa! Gado ya tokare bango biyu, ƙofa tana dukan katifa.

Babu inda zan kwantar da 'yata Auta, alkawarin ɗauko ta daga wurinki ya rushe. Ki kwance mata jakarta da kanki, ni ba ni da bakin faɗa mata.

Allah ya saka miki da alheri.

Ƙanwarki